Jinin da Ya Lanƙwashe a Kan Gilashi

Duk ranar da na kai ɗana awo asibiti, warin maganin da suke goge fata da shi kafin allura yakan tayar mini da hankali. Ba tsoron allura ba ne. Wani ɗaki yake tuna mini, da abin da na gani a cikinsa ina 'yar shekara tara.

A Kurmin Mashi muke lokacin, gidan haya, ba a daɗe da sauya kuɗi zuwa naira ba. Baba akawu ne a ofishin gwamnati, mai farar riga da biro uku a aljihu. Mahaifiyarsa, Kaka, tana tare da mu. Bayana Inna ta haifi biyu, duk sun koma. Ta ukun, ƙanwata, tana wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, kuka kuwa har muryarta ta dushe.

Kaka ta sa Inna ta tatsi nono a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki. Ka san yadda ake yi: in ta fita, nono lafiya, in ta mutu, shi ke nan. Muna tsaye a kanta tana ta wutsil-wutsil. Ba ta fita ba.

Maƙwabciyarmu, wata Kirista daga kudancin Kaduna da ke aikin gwajin jini a asibiti, ita ta matsa a je. Sista muke ce mata. Baba ya yarda, don ba ya son a ce ma'aikaci kamarsa yana gudun asibiti. Ni aka ba riƙon jakar zannuwa.

Sista ta huda yatsan ƙanwata, da na Inna, da na Baba, ta ɗiga a kan gilasai uku, ta sa wani ruwa ta rufe. Muka yi ta jira a benci. Da ta kira mu, kowa ya leƙa madubin likita da ido ɗaya. Ni ma ta ɗora ni a kujera, ta fara nuna mini nata jinin. Ashe jini ba ruwa ba ne kawai! Wasu 'yan abubuwa ne zagayayyu, tsakiyarsu fayau, kamar tsohon kwabo mai huji an zube a faranti. Na ƙanwata kuwa duk sun lanƙwashe kamar lauje. Na Inna ma akwai lanƙwasassu. Na Baba ma akwai. Da idona na gani, kuma shi ya fi kowa daɗewa a kan madubin.

"Sikila ce," in ji Sista. "Rabi daga uwa, rabi daga uba. Maigida, nono ba ruwansa. A ci gaba da ba ta."

Muka kamo hanya, Baba yana gaba. Da muka shiga gida Kaka ta tare shi.

"Me suka ce?"

"Jinin yarinyar ne ba shi da kyau, Hajiya."

"To, ba na faɗa ba? Jinin jariri daga ina yake zuwa in ba nono ba? Mu dai a zuriyarmu ba a san wannan ba."

Baba ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi. Na jira, na jira. Sai na ce, "Kaka, ai na Baba ma ya lanƙwashe."

Marin da na sha, Inna ce ta yi mini shi. Har yau ban gama yafe wannan ba, ko da yake na gane ba ni take mari ba.

A makon aka yaye ƙanwata. Aka shafa wa Inna maɗaci, aka koma kunu da madarar gwangwani. Damina ce, rijiyarmu ta yi ja. Ina tuna Inna zaune a bakin murhu, gaban rigarta jiƙe sharkaf, yarinyar tana miƙo mata kumburarrun hannuwa daga bayan Kaka. Gudawa ta kama yarinyar. Ba ta ga girbi ba, lokacin da masara ta nuna an riga an kai ta makwancinta.

Yanzu ga ni da nawa ɗan, wata biyar. Karatuna bai wuce firamare ba, amma kullum da safe sai na matsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. An ce kai ya waye, mutane sun san sikila, har a rediyo ana maganarta. Kaka ta daɗe da rasuwa.

Makon jiya na kai shi gida. Baba ya karɓe shi yana ta yi masa wasa, yana kiransa babban aboki. Na ɗauko shi na miƙa wa Inna. Ta riƙe shi a kan gwiwa, nesa da ƙirjinta, ta dube shi sosai, sannan ta mayar mini.

"Karɓi abinki," ta ce. "Jikina ba ya yi wa yara kyau."

Baba yana jin ta. Ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.