Baba Barau Mai Haƙa Harsashi

Duk wanda ya yi gini tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ya san Baba Barau, kuma na rantse ya taɓa yin faɗa da shi. Mutumin Sundimina ne, gajere, mai taurin kan tsiya. Ya taso yana kwaɓa wa mahaifinsa ƙasar gini, da bulo ya shigo sai ya bar wa wasu ɗora bango, ya riƙe haƙa harsashi kaɗai. Shekara arba'in ke nan yana cikin rami.

Ni Munawwara na haɗu da shi bara. Ɗakin Innarmu a Gwaram ya tsage tun daga sama har ƙasa, sau biyu ana liƙewa yana buɗewa. Tsohuwa ta rame don fargabar ya rufto mata. Muka rushe shi, muka ce lallai sabo ya tashi kafin ruwan farko, ga shi saura wata guda.

Muka ɗauko Baba Barau, ya sara diga har rami ya kai gwiwa, inda kowa ke tsayawa. Sai ya dumtsi ƙasar ya shinshina, ya tsinto fasasshiyar tukunya da toka.

"'Yar nan, wannan ba ƙasa ba ce, shara ce."

Ya fito ya tafi wurin tsofaffin unguwa. Ashe wurin tsohon kududdufi ne, inda kakanni suka ɗebi ƙasar gini, aka yi ta zuba juji har ya cike. Shi ya sa bango ke nutsewa. Ya dawo ya ce sai ya taɓo jar ƙasar asali, ko da za ta kai shi Bauchi.

Kwana tara yana haƙa! Hadari ya fara leƙowa daga gabas, ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na tsaya a bakin ramin, hularsa kawai nake hange.

"Haba Baba! Ɗaki muka ce ko rijiya?"

"In rijiya ce ai kin ci riba. Miƙo min shebur."

Wallahi har kuka na yi don haushi, shi kuwa yana ƙasa yana 'yar waƙarsa. Rana ta goma ya wurgo min dunƙulen jar ƙasa mai tauri, ya ce, "To, gaisa da ita." Ya jera duwatsu, aka zuba kankare. A nan aikinsa ya ƙare, amma bai tafi ba. Ya zauna yana miƙa bulo, yana yi wa magina tsiya wai hannunsu ya mutu, har suka yi zuciya suka gama bango cikin mako.

Ranar da Sabo kafinta ke buga kwanon ƙarshe, da la'asar sakaliya, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka shigar da Inna a guje da tabarmarta. Ta dubi bangon, ta dubi Baba Barau da ke tsaye a jiƙe a bakin ƙofa.

"Malam Barau, in jingina?"

"Jingina, Hajiya. Ni na san abin da ke ƙarƙashinki."

Ta jingina bayanta a hankali. Kafin in kawo masa shayi, tsohuwar nan har ta fara minshari.