Ranar Da Baba Ya Mayar Da Rawani

Wata Alhamis ce, a kakar shekarar da nake aji biyar, na dawo daga makaranta na tarar da takalman mata birjik a ƙofar ɗakin Inna. Na tsaya da jakata a wuya ina jiran in ji wa ya mutu. Mata na shiga suna fita, kowace na cewa, "Ya muka ji da wannan abu? Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da na leƙa turke sai ga Baba da ransa, yana zuba wa tumaki harawa, kansa ba rawani sai wata tsohuwar hula. Ban firgita ba, ban kuma ji komai ba. Na ajiye jaka na ɗauki tulu na tafi rijiya.

Baba shi ne mai unguwarmu, a wani ƙauye kusa da Daura, tun kafin a haife ni. Aikina ne kullum da safe in share zaure in shimfiɗa tabarmi, da yamma in fitar da akusan tuwo ga masu zaman jiran sulhu. Rigimar da aka fi kawo masa ta iyakar gona ce da ɓarnar shanu, kuma ba ya raba ta a zaune. Sai ya taka har gonar ya ga inda gamba ta tsaya da idonsa. Daga baya gwiwoyinsa suka ƙi. Ya koma aika mutum ya gano masa, na kuma lura duk ranar da ya yanke hukunci da idon wani, tuwonsa kusan yadda na kai shi yake dawowa.

A makaranta kuwa iska ta yaye kwanon ajinmu, ƙarƙashin darbejiya muke karatu, awaki na ratsa mu. Malam Lawal mai koya mana tarihi yana son shugabannin Amurka na farko, in yana labarinsu kai ka ce tare suka yi kiwo. Wata rana ya ba mu labarin na farkonsu, wanda ya ja mutanen ƙasar yaƙi suka sami 'yanci, ya yi mulki karo biyu, ana son ya zarce ya ce ya isa haka, ya koma gonarsa. Da yamma ina zuba wa Baba ruwan wanke hannu na kwashe labarin na faɗa masa, don ni bakina ba ya ajiya. Ya daɗe da hannu a cikin kwano, sannan ya ce, "Ba korarsa aka yi ba, Hajara?" Na ce a'a. 

Ana gama yankan gero ya hau jaki ya je wurin dagaci, ya roƙi a naɗa mai sauran ƙafa. To a wajenmu hanya biyu aka sani rawani ke barin kai, mutuwa ko tuɓewa. Tunda bai mutu ba, sai gari ya yanke cewa tuɓe shi aka yi, shi ya sa aka zo jaje. Kafin a ɗaure dawa magana ta yi ƙafa, wai burtali ya sayar, hanyar shanun Fulani. A dandali 'yan mata suka sa abin a waƙar gaɗa. Ina cikin da'irar, na ci gaba da tafi har aka gama, hannuna na yi ni ba na ciki.

Inna ta roƙe shi ya miƙe a masallaci ranar Juma'a ya wanke kansa. Ya ce, "In na tsaya ina rantse-rantse, wa zai saurari wanda aka naɗa?" Zaure ya yi tsit. Na ci gaba da share shi da safe, da yamma in naɗe tabarmin da ba wanda ya zauna a kansu. Na taɓa tare Malam Lawal na tambaye shi ko shi ma wancan shugaban na Amurka an ce korarsa aka yi. Ya yi dariya ya ce, "Ina! Sunansa ma aka sa wa babban birninsu." Wannan kam ban kai wa Baba ba.

Baba ya rasu ina sakandare, yana noman gyaɗarsa har damunar ƙarshe. Na girma na karanta cewa shi ma wancan shugaba ba tas yake ba, bayi ke nome masa gonar da ya koma. Yanzu a Katsina nake zaune, ina ganin manya suna riƙe kujera har sai an ɗauke su da ita, sai in tuna Baba a turke da hularsa. Bara na je gida, na sauka a tashar Daura na hau acaɓa. Yaron da ya ɗauko ni bai kai shekara ashirin ba, an haife shi Baba na ƙasa. Da na kwatanta masa gidan ya ce, "Au, Hajiya, gidan mai unguwar nan da aka tuɓe?"

Na buɗe baki, sai na ga hanyar ba ta da tsawon da labarin zai shiga. Na ce masa eh, can ne.