Ɗan Farin Iyatu

Ƙafar yaron nan tana ruɓewa a gabanmu, mu kuwa muna tsaye a kansa muna gardamar abin da ya sa yaran yanzu ba sa tashi daga zaune. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Iyatu maƙwabciyata ce a Limawa, gidan haya ɗaya muke, ƙofarta na kallon tawa. Bafulatanar Miga ce, a ruga aka haife ta, ta tashi tana tatsa tana kai nono kasuwa. Da shanun gidan suka ragu, mijinta Malam Yahuza ya sami aikin tuƙi a wata ma'aikata a nan Dutse, suka dawo gari. Ba ta naɗe hannu ba. Tana sayo nono wurin 'yan'uwanta, ta dama fura, ta ƙulla a leda, ta sa a firjina, ma'aikata su aiko a saya. Mace ce mai tsabta da shiru-shiru, in dariya ta kama ta sai ta rufe baki da gefen mayafi. Maman Munira muke ce mata, don a sanina Munira ce babbar 'yarta.

Ashe akwai na gaba da Munira. Ikrima, ɗanta na fari, tun da aka yaye shi yake hannun kakarsa a Miga. Da tsohuwar ta rasu aka kawo shi aka sa shi a makaranta, ɗan siririn yaro, bai fi shekara goma sha ɗaya ba. Ranar da ya zo na ce, "Maman Munira, wannan kuma ɗan wa?" Ta kau da kai ta ce, "Na gidanmu ne." Sai a bakin Munira na ji gaskiya. Kunyar ɗan fari mu ma muna yi, amma tasu ta fi ƙarfina. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, tuwonsa ma Munira ce ke miƙa masa.

Da farko yaron ba ya zama wuri ɗaya. Ya hau duwatsun bayan unguwa, ya bi awakin mutane har bakin titi. Bayan ƙaramar Sallah sai ya canza. Ya dawo daga makaranta, ya nufi gindin katanga kusa da randa ya zauna, safa da takalmin makaranta a ƙafarsa, har a kira magariba. In an aike shi ya ce to, amma Munira ce za ta je.

Nan fa kowa ya zama masani. Malam Yahuza ya ce waya ce.

"Tun da ya ga wasan ƙwallon nan a wayar Sadisu ya lalace."

Sadisu ɗana ne, don haka maganar ta sosa ni. Na ce a'a Malam, kada a lanƙaya wa ɗana. Ina yaro zai yi wasa a garin nan? Filin da suke ƙwallo an yanka shi fulotai an zagaye, titi kuwa 'yan acaba kamar su tashi sama. Maigidana ya ce duk ba haka ba ne, karatu ne ya yi musu yawa, boko da safe, Islamiyya da yamma, yaro ya saba da zaman benci har ya manta yana da ƙafa. Iyatu kuwa sai da na matsa mata kafin ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Shanu yake kewa." Duk wannan a tsakar gida muke yi, shi yana zaune yana jin mu, yana zane a ƙasa da tsinke.

Wata Asabar da hantsi haƙurin Malam Yahuza ya ƙare. Ya ajiye jarka biyu a gaban yaron.

"Tashi ka ɗebo ruwa a tuƙa-tuƙa. Ni ina kamarka wuni nake ina bin shanu a ƙafa. Tashi na ce!"

Ikrima ya dafa katanga ya miƙe, ya ɗan taka, ya koma ya zauna. Uban ya shiga ɗaki ya fito da bulala. Na kalli Iyatu. Tana zaune gaban ƙwaryar fura, ludayin ya tsaya a hannunta, amma ba ta ɗago kai ba. Ni dai na matso kusa. Na ce, "Malam, ka yi wa Allah." Bai saurare ni ba. Ya fizgi hannun yaron, ya ja shi, takalmin hagu ya fita.

Warin ne ya fara iso mu.

Malam ya saki bulalar. Na durƙusa na kama safar, ta manne da nama, sai da na jiƙa ta da ruwan randa kafin ta fita. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tafin ƙafar ya kumbura suntum yana ruwa, yatsu biyu sun yi baƙi. Ashe ƙusa yaron ya taka a wani kango, ya cusa toka a ramin ya ɗaure da tsumma yadda ya ga ana yi a ruga, ya mayar da safa ya rufe.

Sadisu ya ruga ya taro adaidaita, muka yi asibiti. Likita ya duba, ya ɗago ya ce, "Tun yaushe?" Muka kalli juna, babu wanda ya sani. Ya ce sai sun buɗe sun gani, in ciwon ya ci ƙashi zuwa sama to daga idon sawu za su yanke. Malam Yahuza ya cire hula ya jingina da bango.

Wata nas ta turo tiren magunguna ta ce, "Ina uwarsa? Ta zo ta riƙe shi, za mu fara wankewa, kuma akwai zafi."

Iyatu tana bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta motsa ba. Nas ta sake tambaya, wannan karon yaron take kallo.

Ikrima ya ce, "Innata ta rasu. A Miga."

Kakarsa yake nufi, kuma ba da gatse ya faɗa ba, tsakaninsa da Allah ya faɗa. Nas ta ce Allah ya jiƙanta, ta yafito ni. Kafin in ɗaga ƙafa na ji an ture ni gefe.

"Ni ce," in ji Iyatu. "Ni na haife shi."

Ta rungume kansa a ƙirjinta. Yaron ya sandare, ya rasa inda zai sa hannuwansa, har sai da aka zuba maganin, sannan ya ƙanƙame ta ya fasa ihu.

Aka shiga da shi ɗakin tiyata, muka zauna a benci muna jira. Ana kiran la'asar likita ya fito. Ƙafar ta tsira, amma sun cire yatsun nan biyu, kuma ya ce zai daɗe kafin ya taka sosai.

Da Malam ya tafi masallaci muka rage mu biyu. Ni fa ban iya riƙe magana a ciki ba. Na ce, "Haba Maman Munira! Uwa guda, kina zaune gida ɗaya da yaro, a ce ba ki ga yana ɗingishi ba?"

Ta daɗe tana murza gefen mayafinta.

"Na gani, Yaya Kubura. Tun farko na gani. A ruga in ɗan fari ya yi ɗingishi, kafin uwa ta waiga goggonninsa sun kama ƙafar sun duba. Uwa ba ta magana, akwai masu yi mata. Nan kuwa ba ni da kowa. Kullum in na ji kin buɗe ƙofa kin fito tsakar gida, sai in ce a raina, yau dai Yaya Kubura za ta tambaye shi."