Mama Benci da Garkuwar Kwali

Duk ranar Asabar da hantsi, in ka leƙa majami'armu za ka tarar da wata dattijuwa zaune a kan ɗan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, tana kallon bagade. Ba waƙa take yi ba, ba shara ba, kallo ne kawai. Can sai ta dafa bango ta miƙe, ta koma layin baya inda tsofaffi masu nauyin ji suke zama. Daga nan ta je bakin ƙofa, inda masu goyo suke tsayawa suna jijjiga jarirai. Sai ta zauna a wuraren nan kaf kafin ta yarda ta zaɓi ko waƙa ɗaya ta sujadar da take shiryawa. Shi ya sa yara suka laƙaba mata Mama Benci, har sunan ya bi ta kasuwa.

Aikinta shirya sujadar kowa da kowa, wadda muke yi ƙarshen kowane wata, ranar da ba a tura yara makarantar Lahadi, jika da kaka suna zaune wuri guda. Wanda bai taɓa shirya ta ba zai ɗauka wasa ce. To, bismillah, gwada riƙe hankalin ɗan yaye da na tsohon da ya manta tabaransa a gida da magana ɗaya, ka dawo ka ba ni labari.

Ni ne mai kula da lasifika, kuma Allah ya sani matar nan ta gasa min gyaɗa a hannu. Tana layin baya za ta ɗaga murya, "Ɗan nan, ƙara!" Ta dawo bencin yara, "Haba, rage mana! So kake ka kurmantar min da jikoki?" Na ce, "Mama, lasifikar nan ɗaya ce fa." Ta ce, "To ka koya mata hankali." Kafintan majami'a ma bai tsira ba. Sai da ta sa shi ya rage tsawon teburin furanni, wai daga bencin yara ba a ganin komai sai sanƙon Fasto, kuma sanƙo ba ya wa'azi.

Sau ɗaya a shekara, sujadar takan kasance a kan tsaron Allah da addu'a. Yara sun fi son wannan. Mama takan bi shaguna ta roƙo kwalayen sabulu, ta yanka su garkuwa garkuwa, ta ɗaura wa kowace igiyar zura hannu. Yara su shafa fenti, a karanta nassin makaman Allah, su zagaya majami'a kowa da tasa a gaban ƙirji, suna taka ƙasa da ƙarfi. Iyaye su yi tafi, a tashi.

Wata shekara, wata ƙaramar yarinya da muke kira Auta ta kai wa babanta tata garkuwar. Direban babbar mota ne, mai raha, mai murya a cikin mawaƙa. Ya rataye ta a bayan kujerarsa don ya faranta mata. Bayan 'yan watanni motar ta kife da shi a hanya, bai kai asibiti ba. Da aka kawo kayansa gida, garkuwar tana ciki, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Daga ranar Auta ta daina addu'a. A kawo abinci, kowa ya rufe ido, nata a buɗe. Ranar Lahadi takan biyo mamanta har ƙofa, sai ta zame ta koma ƙarƙashin taga ta waje, ta zauna a kan wani bulo da jakarta a cinya. Uwar ta zo wurin Mama tana share hawaye da bakin gyale. Ta ce, "Na yi lallashi, na yi faɗa, har duka na yi. Mama, na rasa uban, ga 'yar ma tana neman kuɓuce min."

Da lokacin sujadar ya sake zagayowa, aka zauna shawara. Fasto ya ce, "Mama, ko mu tsallake ta bana? Ciwon bai warke ba." Wani dattijon ikilisiya ya ce a yi yadda aka saba, yaro ai mantuwa gare shi. Mama ta saurare su duka, sannan ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Mu da muka san ta, da mun ga haka mun san magana ta ƙare.

Ta ce, "Baba Fasto, ba za mu tsallake ba. In muka yi shiru, mun gaya wa yarinyar nan cewa mu ma ba mu da abin faɗa. Kuma ba za mu yi yadda muka saba ba, don yadda muka saba ɗin ne ya kai ta bayan taga."

Asabar ɗin da ta biyo baya, Mama ta gama zagayen bencinta, sai ta ƙara wuri ɗaya. Ta fita waje, ta zauna a ƙasa kusa da bulon nan, cikin rana. Ranar matar direba ce da sharar majami'a, Auta ta rako ta. Ina naɗe waya a jikin tagar, don haka da kunnena na ji.

Yarinyar ta zo ta zauna a kan bulonta. Can ta buɗe jaka ta zaro garkuwar babanta. "Mama, abin nan naki ba ya aiki. Kin ce in muka riƙe babu abin da zai taɓa mu. Kuma kullum ina yi masa addu'a."

Mama ta karɓa ta jujjuya. "Auta, kwalin sabulu ne. Da almakashina na yanka shi. Ba ke kika ji a karkace ba, ni na faɗa a karkace."

"To me ya sa Allah bai tsare shi ba?"

"Ban sani ba, 'yata. In na ce na sani, na yi miki ƙarya. Abin da na sani shi ne, ko a kan hanyar nan babanki bai faɗo daga hannun Allah ba."

"Ni dai ba zan shiga ba."

"Wa ya ce ki shiga? Bulon nan naki ne."

Ta miƙa mata kwalinta, ta shigo ƙugunta duk ƙura. Ta ce min, "Ɗan nan, ranar sujadar ka juya min lasifika ta kalli tagar can." Na buɗe baki zan yi musu kamar kullum, na ga idonta, na rufe. Makon nan gaba ɗaya ta yi shi tana yankan kwali har yatsunta suka kumbura, don a wannan karon har manya ta yi wa. Kuma ba ta ɗaura wa ko ɗaya igiya ba.

Ranar Lahadi aka raba wa kowa, har Fasto. Yara suka fara ƙorafi, "Mama, ina wurin zura hannu?" Ta ce, "Babu. Yau ba mai kare kansa. Ɗaga taka da hannu biyu a kan na kusa da kai, ka tambaye shi abin da yake tsoro, ka gaya wa Allah da sunansa. In ka gama, shi ma ya yi maka."

Kai, ranar mun ji abubuwa! Dattijon nan mai cewa yaro mantuwa gare shi ya gaya wa jikarsa allura yake tsoro, ita kuwa ta kai ƙararsa wurin Allah da ƙarfi har layin baya aka ji. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Magini ya ce yana tsoron tsani tun da ya faɗo. Wata tsohuwa ta ce tana tsoron ta mutu ɗaki a rufe ba wanda ya sani. Mata suka kewaye matar direba, garkuwoyinsu suka haɗu a kanta kamar rumfa, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Mama kuwa tana tsaye a gaba ita kaɗai, hannu wayam. Ta ba da ta ƙarshe, ta manta da kanta. Sai muka ji wata siririyar murya daga taga: "Mama fa? Wa zai rufe Mama?"

Kowa ya juya wajen tagar. Auta ta zagayo ta ƙofa, garkuwar babanta a hannu, ta bi tsakiyar mutane har gaba. Ta ɗaga, ba ta kai ba. Sai Mama, da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta durƙusa a kan siminti.

"Mama, me kike tsoro?"

"Ina tsoron in rasa ki, Auta."

Yarinyar ta ɗora kwalin a kan ɗankwalin Mama, ta rufe ido. Makirufo yana kusa da bakinta. Ranar ce rana ta farko da na rage murya ba tare da an ce in rage ba. Abin da ta gaya wa Allah, tsakaninsu ne.

Mama Benci, ke ce kika ƙi a rufe maganar da waƙa. Ke ce kika ce "ban sani ba" a gaban ƙaramar yarinya, ba ki ji kunya ba, kuma ba ki tashi kin bar ta ba. Uwar masu zaman baya, mai kunne a bakin taga. Ba a taɓa kiran sunanki a taron karramawa ba, kullum kina bayan labule da almakashi da gam. Yanzu gwiwoyi sun ce sun gaji, ƙarshen watan nan za ki ajiye aikin. Mun gode, Mama. Ni da lasifikata mun yafe miki, ke ma ki yafe mana. Allah ya ba ki lafiya, ya tsare ki yadda kika koya mana mu tsare juna.

Ku kuma masu tsara sujada, da masu koyarwa, da iyaye, kada ku ce wannan sai Mama. Kafin ka buɗe baki ka gaya wa mutum Allah yana tsaronsa, sauko ka zauna inda yake zaune, ka ji yadda maganar take isa wurinsa. In akwai wanda ya koma bayan taga, fita ka same shi.

Asabar ɗin da ta wuce na shiga in gwada waya, na tarar da wadda za ta gaji aikin. Auta ce, ta zama budurwa doguwa, ta naɗe kanta a kan ɗan bencin yara, gwiwa har haɓa. Ban gama kunnawa ba ta juyo.

"Kawu, rage mana! Kuma in ka gama, juya min ita ta kalli taga. Akwai wani a waje."