Lasifikar Aro da Cajar Gaggawa

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin ranar saukar karatun 'yan matan makarantarmu ta Garo za ta fita daga raina. Har yau in na ji warin roba tana ƙonewa sai gabana ya faɗi.

Shekarar ta zo da matsi. Hatsi ya yi tashin gwauron zabo, fetur sai wane da wane, wutar lantarki kuwa mun manta kamanninta. Mahaifina ne ke da Islamiyyar, ni ina koyarwa a ƙarƙashinsa. Iyaye suka ce duk tsananin da ake ciki sai an yi wa yaran walima. Da yake tun zuwan Shari'a an ƙara tsananta raba zaman maza da mata a taro, mata za su kasance a cikin gida, maza a ƙofar makaranta, don haka sai da lasifika iyaye mata za su ji karatun 'ya'yansu. Hayar janareto ta fi ƙarfinmu, sai wani Alhaji abokin Baba da ke Kabo ya ara mana lasifikarsa mai batir a ciki, irin wadda ake yi wa caji.

Da hantsin ranar na kunna ta don gwaji. Ta yi ƙara kaɗan, ta ɗauke. Muka duba kwalinta, babu caja. Da aka kira Alhaji, ashe ɗansa ya tafi Kano da ita a jaka bai sani ba. Taro kuma bayan la'asar ne.

Yayana, ɗan baffana, wanda 'yarsa ta fari ce za ta buɗe karatun, ya tayar da babur. Na hau baya rungume da lasifika, muka nufi Gwarzo. Tun a hanya yake ta faɗa, wai mata sun riga sun ɗora tukwane, baƙi sun taso daga ƙauyukan Jama'a da Dugabau, ina za mu sa kanmu?

Muka sauka a shagon wani mai cajin waya da ke sayar da caja iri-iri. Shagon ɗan ƙarami ne, wayoyin mutane jere a kan katako, janareto na ruri a bakin ƙofa, ga jarkar fetur a gefensa. Mai shagon ya juya lasifikar ya karanta rubutun da ke bayanta.

"Malam, batirin cikinta litiyam ne, irin na waya, sai dai ya fi girma," in ji shi. "Ba ya son a ɗura masa wutar da ta wuce wadda aka rubuta masa. Ga wadda ta dace da shi, amma a hankali take ci. Zuwa la'asar za ta kai rabi."

"Rabi?" Yayana ya zaro ido. Ya miƙa hannu ya ɗauko wata ƙatuwar cajar kwamfuta, ya gwada bakinta, ya shiga daidai. "To wannan fa? Ai ga shi ta zauna."

"Zaman baki ba shi ne ba, ranka ya daɗe. Ƙarfin wutarta ya ɗara na batirin nesa ba kusa ba. Ni dai ba zan jona ta ba."

Suka juyo suna kallona, tunda ni aka ba amanar kayan. Zuciyata ma cajar mai sauri take so, amma kayan aro ne. Na ce a sa ƙaramar, rabi ma ya ishe mu in muka taƙaita jawabai.

Ban taɓa ganin lokaci mai nauyi kamar wannan ba. In zauna a benci, in tashi, in leƙa 'yar jar fitilar cajar, in koma. Wayata ba ta huta ba: Inna na tambaya ko mun taso, Baba na cewa malamai sun fara isowa. Yayana kuwa sai kai da komo yake yana tsaki.

Da aka kira azahar, kasuwa ta fara watsewa zuwa masallaci kamar yadda aka saba. Yayana ya ce ni da mai shagon mu je, zai tsare shagon, in mun dawo ya yi tasa. Ba mu kawo komai a ranmu ba.

Muna dawowa, tun daga nesa na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi haɗe da na roba. Yayana na tsaye a waje yana amsa waya, ya ba shagon baya. Na leƙa, sai ga ƙatuwar cajar nan a jikin lasifika, bayan lasifikar ya kumbura kamar burodi, wani farin hayaƙi na fita yana huci.

"Innalillahi! Fetur! Ku janye jarkar!" mai shagon ya ƙwalla ihu, ya kashe janareto.

Ban san lokacin da na fizge wayar cajar na sungumi lasifikar ba. Zafinta ya ratsa tafin hannuna har ƙwaƙwalwa. Na fito da gudu na wurga ta tsakiyar fili, tana dira ta yi wata ƙara, wuta ta yi tsiri sama. Mutane suka yi ta watsa mata ƙasa, tana mutuwa tana sake tashi, har ta cinye kanta. Da na ƙara jinkiri kaɗan, da shagon da wayoyin jama'a da rumfunan maƙwabta duk sun tafi.

Yayana ya durƙushe a wurin. "Wallahi so na yi uwar 'yata ta ji muryarta," abin da yake ta maimaitawa ke nan. Mai shagon da ya taso da niyyar faɗa, da ya ga halin da yake ciki, sai ya girgiza kai kawai ya koma ciki.

Muka iso Garo hannu wofi, nawa naɗe da bandeji. Baba ya saurare mu har ƙarshe, ya tambaya ko an rasa rai. Muka ce a'a. Ya yi hamdala, ya sa aka kafa zana a gefen rumfar taron, aka shimfiɗa wa mata tabarmi a bayanta. Da 'yar Yayana ta ja basmala da muryarta ƙarama, wurin ya yi tsit, har masu goyo suka rarrashi 'ya'yansu. Daga bayan zana na jiyo shessheƙar uwarta.

Washegari Yayana da kansa ya je Kabo ya faɗa wa Alhaji gaskiya, kuma da kaka ta yi ya kai masa sabuwa.

Tun daga ranar ban ƙara jona wa wani batir caja ba sai na duba abin da aka rubuta a jikinsa da jikinta, ko da mai shi yana tsaye a kaina yana ƙorafi. Na gane cewa kowane abu yana da gwargwadon abin da zai iya ɗauka a lokaci guda, batir ne ko ɗalibi. Rabin cajin da muka raina da ya kai mu ƙarshen taro lafiya. Magabata sun ce sauri ya haifi nawa. Ni a Gwarzo na ga ya haifi gobara.