Majajjawar Hajjo

A Falanko, kafin Nasara su taka Damargu, an yi wata mata ana ce da ita Hajjo. Tun tana yarinya aka san ta da jifa. Ita ke kaɗo wa ƙawayenta aduwa, in gero ya yi ido kuma ita ke hawa suri da majajjawa tana korar tsuntsaye.

Ƙasarsu rairayi ce, dutse sai an yi nisa. Don haka da rani Hajjo kan ɗebo laka a tafki, ta mulmula curi-curi kamar ƙwan zabo, ta huda kowanne da tsinke, ta shanya. In ta jefa, iska ta shiga hudar, curin ya tafi yana fito, sai tsuntsaye su watse.

Da tsufa ya zo, kafaɗa ta ƙi. A wata damina kuma ɗanta Ila ya bi fatake bai dawo da wuri ba, ga tsuntsaye jan-baki sun sauko wa gona kamar hadari. Gonar nan ce abincinsu na shekara, gidan kuwa daga Hajjo sai matar Ila, Rahamatu, 'yar birnin Damagaram da ba ta taɓa riƙe majajjawa ba.

Hajjo ta hau da ita kan suri. "Juya bisa kanki, ki saki igiya ɗaya."

"Wacce, Inna?"

"Wadda ba ta ɗaure a yatsa ba, 'yar nan!"

Rahamatu ta juya, ta runtse ido, ta saki. Curin ya yi baya, ya faɗa ƙwaryar furar Mailafiya, taubashin Hajjo, da ke hutawa a gonarsa.

"Hajjo!" in ji shi, fura na ɗiga daga gemunsa. "Tun muna yara kike farautata, yau har da gayya?"

"Da ni na jefa, ba ƙwarya za ka yi wa kuka ba, tsohon banza!"

Rahamatu ta rufe fuska don kunya. Ta sake gwadawa, curin ya sake yin baya, kuma tafarki ɗaya ya bi. Hajjo na kallo, jan-baki na ta cin gero. Can sai ta kama kafaɗun surukarta, ta juya ta, Rahamatu ta ba gonarsu baya.

"To, jefa yanzu. Nufi Mailafiya."

Curin ya ratsa tsakiyar gona yana fito, tsuntsaye suka tashi ɗuu. Hajjo ta rangaɗa guɗa, har Mailafiya ya manta da furarsa ya yi ta dariya.

Haka suka yi har girbi: Rahamatu ta ba gona baya tana jifa, Hajjo na zaune tana gaya mata inda tsuntsaye suka sauka. Ila ya dawo ya tarar da rumbu cike. Mailafiya ya sami sabuwar ƙwarya da tumu, amma bai ƙara shan fura kusa da surin nan ba.