Matar da Ta Kashe Matuƙin Kumbo

A baje kolin littattafai na garinmu Duluth, can ƙarshen layi kusa da mai sayar da kofi, wata dattijuwa ce zaune ita kaɗai. Allon gabanta ya ce Lorna Hedstrom. Gashinta fari fat, rigar sanyinta duk gashin kyanwa. Littattafanta na jere, bangonsu ya koɗe: kumbo, jajayen duniyoyi, halittu masu ido uku. Marubucin da ke gefenta layi gare shi har bakin ƙofa. Ita ko gyaɗa take ɓarawa, tana kallon mutane kamar mai zaɓen wanda za ta tura wata duniyar. Ina jin a teburin kicin ta rubuta su duka, bayan yara sun tafi makaranta.

Sai ga wani ƙaton direban tirela, riƙe da littafinta da ya sha salatif.

"Madam, tun ina saurayi nake neman ki. Me Kyaftin Orlo ya tsare miki, kika bar shi ya daskare a duniyar wata? Kuka na yi wiwi a cikin mota!"

Ta sauke tabarau, ta ƙare masa kallo.

"Ɗana, mijina na farko ne, suna kawai na canza masa. Da ka san shi, da kai za ka taya ni rufe ƙofar kumbon."

Ya tuntsire da dariya har yana dukan tebur, mutanen layin can suna waiwayowa. Ta sa masa hannu a littafin, ta turo kujera da ƙafa.

"Zauna ka ji abin da na yi wa na biyun."